Kiredit yuniyon a Amurka: da me ake gane wadda ta cancanci a shiga?

Wani ɗan'uwa mazaunin unguwar Bronx a birnin New York, wanda sana'arsa tuƙin motar haya ce, ya aiko da tambaya. Ya ce shekararsa shida da buɗe asusu a wani babban banki, kuma duk watan da kuɗinsa ya yi ƙasa sai a zaftare masa wani abu da sunan kuɗin kula da asusu. Abokan sana'arsa suna ta ba shi shawarar ya koma kiredit yuniyon, wato ƙungiyar gama kai ta ajiya da lamuni, akwai kuma guda uku da ba su da nisa da shi. Yana aika kuɗi gida Kumasi kowane wata, shi ne ke riƙe da adashin wasu direbobi, yana da niyyar sauya mota, sannan yana tsoron faɗawa cikin riba. Abin da yake son sani shi ne wacce zai shiga, kuma da me zai gane ta kirki.

Malam, na yi shekaru ina zaune a teburin ba da lamuni na ɗaya daga cikin waɗannan ƙungiyoyi, kuma abu na farko da zan gaya maka shi ne sunan kiredit yuniyon shi kaɗai bai isa ya zama shaida ba. Abokanka sun yi gaskiya da suka ce galibinsu sun fi manyan bankuna sauƙin caji da sauƙin kuɗin ruwa, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai wadda za ta riƙe ka kamar ɗan gida, akwai wadda ba ta da bambanci da bankin da kake gudu sai dai a allon ƙofa, akwai kuma wadda ta kirki ce amma tsarinta bai dace da yadda kuɗinka ke shiga da fita ba. Saboda haka zaɓin yana da hawa biyu. Ka fara tabbatar da cewa kuɗinka ba zai salwanta ba, daga nan ka auna ta da irin rayuwarka ta direba mai riƙe tsabar kuɗi, mai iyali a wata nahiya.

Kiredit yuniyon ƙungiyar gama kai ce ta ajiya da lamuni, wadda masu ajiya a cikinta su ne masu ita. Banki yana da masu hannun jari da ke jiran riba a ƙarshen shekara, kai kuwa abokin ciniki ne kawai a wurinsa. A ƙungiya, ranar da ka buɗe asusu ka ajiye ɗan ƙaramin kuɗin shiga, wanda a wurare da dama dala 5 ne ko 25, ka sayi kaso ɗaya ke nan, ka zama mamba mai ƙuri'a ɗaya, daidai da wanda ya ajiye dala dubu ɗari. Rarar da aka samu tana komawa cikin asusun ko-ta-kwana na ƙungiyar, ko ta dawo wa mambobi ta hanyar rage caji da rage kuɗin ruwa, kuma gwamnatin tarayya ba ta karɓar harajin riba daga gare su. Tsarin ya samo asali ne a Jamus, inda Friedrich Raiffeisen ya kafa irinta domin manoman karkara a 1864. Alphonse Desjardins ya kawo shi Kanada a 1900, kuma da taimakonsa aka kafa ta farko a Amurka a 1908, wato St. Mary's da ke Manchester a jihar New Hampshire, domin baƙin da ke aiki a masaƙu, masu jin Faransanci, waɗanda bankunan lokacin ba su damu da su ba. Wannan yana burge ni, domin tun tushe abin na baƙi ne masu neman na kansu irinmu. Kai da ka fito daga Gana ma ba baƙon abu ba ne a wurinka, tunda a garin Jirapa da ke arewacin ƙasar aka kafa ta farko a 1955. Majalisar dokokin Amurka ta yi dokar tarayya a kansu a 1934, kuma a yau mambobinsu a ƙasar sun haura mutum miliyan 130.

Tambayar da ba a tsallake ta ita ce ta inshorar ajiya. Hukumar da ke sa ido a kan waɗannan ƙungiyoyi sunanta NCUA, an kafa ta a 1970, kuma tana da asusun inshora da ke lamunce wa kowane mamba har dala 250,000 a ƙungiya ɗaya, da cikakken goyon bayan gwamnatin Amurka, kamar dai yadda hukumar inshorar ajiya ta FDIC ke yi wa bankuna. Asusun da ka buɗe da sunanka kai kaɗai yana da nasa lissafin, wanda kuka buɗe tare da mai ɗakinka yana da nasa dabam, kowannenku har dala 250,000. Duk ƙungiyar da ke da kalmar Federal a cikin sunanta rajistar tarayya gare ta, kuma dole tana ƙarƙashin wannan inshora. Waɗanda suka yi rajista da jihohi ma mafi yawansu suna ciki, sai dai akwai 'yan kaɗan a wasu jihohi da ke amfani da inshorar kamfani mai zaman kansa, wadda gwamnati ba ta tsaya mata ba. Kada ka wadatu da alamar NCUA da aka manna a gilashin ƙofa. Ka shiga shafin hukumar na intanet, ka rubuta sunan ƙungiyar, ka ga da idonka cewa tana cikin jerin, aikin da bai fi na minti biyu ba.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne abin da ya faru a jihar Rhode Island. A ranar 1 ga Janairu 1991, gwamnan jihar Bruce Sundlun ya rufe bankuna da ƙungiyoyin ajiya 45 a rana ɗaya, saboda kamfanin inshora mai zaman kansa da suka dogara da shi ya durƙushe. Mutane kimanin 300,000 suka wayi gari ba su iya taɓa kuɗinsu ba, wasu kuma sai da suka yi doguwar jira kafin a biya su. Tun da aka kafa asusun NCUA kuwa, babu mamban da ya taɓa rasa ko sisi daga kuɗin da inshorar ta lamunce.

Akwai kuma labarin da kai ka fi ni saninsa, domin a cikin sana'arku ya faru. A wajen 2013 da 2014 farashin lambar izinin tasi mai ruwan ɗorawa a New York ya haura dala miliyan ɗaya, kuma wasu ƙungiyoyi kamar Melrose da LOMTO, dukansu a yankin Queens na birnin, sun zuba kusan duk ƙarfinsu wajen ba da bashin sayen wannan lamba, suna ganin darajarta ba za ta taɓa sauka ba. Da motocin haya na manhajar waya, wato Uber da Lyft, suka cika gari, farashin ya faɗi ƙasa da dala 200,000, direbobi suka kasa biya, hukumar NCUA ta rushe ƙungiyoyin biyu a 2018, aka mayar da mambobinsu da ajiyarsu zuwa Teachers Federal Credit Union. Masu ajiya ba su yi asara ba, domin inshora ta yi aikinta. Waɗanda suka sha wuya su ne masu bashi: an sayar da basussukansu ga kamfanin zuba jari na Marblegate a 2020, kuma sai da direbobi suka yi yajin cin abinci a gaban ofishin magajin gari a 2021 kafin a cimma yarjejeniyar rage bashin zuwa abin da bai wuce dala 170,000 ba. Darasin da na ɗauka daga wannan lamari shi ne inshora tana kare ajiyarka ne kawai, ba ta kare ka daga mummunan bashi, kuma ƙungiyar da ta jingina rayuwarta a kan sana'a ɗaya tana iya faɗuwa tare da sana'ar. Idan ɗaya daga cikin ukun da kake dubawa ta direbobi ce zalla, wannan yana da daɗi ta wani ɓangaren, tunda sun san aikinka, amma ka tambaya wane irin bashi ne ya fi yawa a littafinsu.

Ba sai ka zama akanta ba kafin ka duba lafiyar ƙungiya. Kowace mai inshorar tarayya tana miƙa wa NCUA rahoton kuɗi duk wata uku, kuma rahoton a buɗe yake ga kowa a shafin hukumar. Lambobi biyu sun ishe ka. Ta farko ita ce jarin kanta idan aka auna shi da dukan dukiyar da take riƙe da ita, wanda doka ke ɗaukar kashi 7 cikin ɗari zuwa sama a matsayin mai ƙarfi, kuma ni na fi samun natsuwa idan na ga 9 ko 10. Ta biyu ita ce yawan bashin da aka yi jinkirin biya, wanda a 'yan shekarun nan matsakaicinsa a ƙasar yake yawo a kusa da kashi 1 cikin ɗari. Idan ka ga wata tana da 3 ko 4, kuma yana hawa daga wannan rahoto zuwa wancan, to akwai magana. Girma ba ya hana matsala. Municipal Credit Union, wadda take cikin manya kuma tsofaffi a New York, ta shiga hannun hukuma a 2019 bayan an kama shugabanta da wawure kusan dala miliyan 10, har aka yanke masa ɗaurin shekara biyar da rabi. Ta farfaɗo, an mayar wa mambobi da ita a 2022, kuma ajiyar kowa ba ta taɓu ba, amma abin ya nuna cewa inda mambobi suka yi barci, sai ɓera ya yi gadin daddawa.

Maganar wanda ya cancanci shiga ba ta da tsawo. Kowace ƙungiya tana da iyakar waɗanda za ta karɓa: ma'aikatan wani wuri, ko 'yan wata ƙungiya, ko duk wanda ke zaune, ko aiki, ko karatu, ko ibada a wani yanki. Wannan na ƙarshe ne ya fi shafarka, domin adireshin gidanka ko na masallacin da kake salla yana iya buɗe maka ƙofa, haka ma idan wani na cikin gidanka mamba ne. A galibinsu idan ka shiga ka shiga ke nan, ko da ka bar garin. Za su nemi sunanka, da ranar haihuwa, da adireshi, da lambar shaida. Ga 'yan'uwan da ba su da lambar soshiyal, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki, akwai ƙungiyoyi da ke karɓar lambar haraji ta ITIN tare da fasfo, musamman waɗanda aka kafa domin unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, irin su Lower East Side People's Federal Credit Union a nan New York. Kowacce da ƙa'idarta, don haka a buga waya a tambaya kafin a ɗauki ƙafa.

Yanzu sai abin da ya kore ka daga banki, wato caji. Kowace ƙungiya tana da takardar jadawalin caji, shafi ɗaya ko biyu, kuma haƙƙinka ne a ba ka ita kafin ka sa hannu a komai. Shawarata ita ce ka fitar da bayanan asusunka na wata uku da suka wuce, ka zauna da biro bayan sallar isha'i, ka ja layi a ƙarƙashin duk inda aka cire maka kuɗi, sannan ka ajiye jadawalin ƙungiyoyin uku a gefe ka lissafa nawa kowacce za ta caje ka da a ce a wurinta ka yi waɗannan watanni. Na taɓa yin wannan lissafi da wani dattijo mai sayar da turare da huluna a bakin titi. Ya zo yana ƙorafi a kan dala 12 na wata-wata, amma da muka bi takardunsa layi-layi sai muka tarar ba nan kuɗinsa ke tsiyayewa ba. Sau huɗu ko biyar a mako yana cire dala 40 a injin da ke cikin shagon unguwa, mai injin ya caje shi, bankinsa ma ya caje shi, ga kuma tarar zarce asusu, wato ta kashe fiye da abin da ke cikinsa, sau biyu a wata guda, kowacce sama da dala 30. Da ya ga jimlar sai ya cire tabarau ya goge, ya daɗe bai ce komai ba. Wanda ya dace da irin wannan mutum shi ne wurin da ke da injuna na kyauta a hanyarsa, ko da kuwa akwai ɗan cajin wata.

Tarar zarce asusu ita ce wadda nake so ka fi sa wa ido, domin akwai ƙungiyoyin da ba su fi bankuna tausayi a kanta ba. Doka ta ce ba za a caje ka wannan tara a kan sayayyar kati ta yau da kullum ko cirar kuɗi a inji ba sai idan kai ne ka amince da tsarin tun farko. Ranar buɗe asusu za a miƙo maka takardar amincewa da wannan tsari, a ce maka kariya ce. Ka ce ba ka so. Gara kati ya ƙi wucewa a gidan mai da ka sayi man dala 20 a kan dala 50. Abin da ya fi shi ne a haɗa asusun hada-hadarka da na ajiyarka, ta yadda idan wannan ya gaza sai a ɗebo daga wancan.

Raunin ƙananan ƙungiyoyi shi ne ƙarancin rassa, kuma ga mai tuƙi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganinsa shi ne tsarin haɗakar rassa na Co-op, inda ƙungiyoyi da yawa suka yarda mamban wannan ya shiga reshen waccan ya ajiye ko ya cire kuɗi kamar a gidansa. Tsarin yana da rassa sama da 5,000 da injuna kimanin 30,000 da ba a caji a faɗin ƙasar, amma ba kowace ƙungiya ce ke ciki ba, kuma ba kowane inji ne ke karɓar ajiyar tsabar kuɗi ba. Ka tambaya a fili: idan na tashi aiki ƙarfe biyu na dare da dala 300 a aljihu, ina zan zuba su? Ka kuma buɗe manhajarsu a wayar wani mamba ka ga yadda take, ko tana karɓar ceki ta hoto, ko akwai Zelle, wato hanyar tura kuɗi daga asusu zuwa asusu ta waya, a cikinta, domin tun Afrilun 2025 Zelle ya daina aiki a matsayin manhaja mai zaman kanta, sai ta cikin manhajar wurin da kake ajiya. Idan masu zubin adashinka ta nan suke turo maka, ƙungiyar da ba ta da shi za ta wahalar da kai.

Game da aika kuɗi Kumasi, gaskiyar magana ita ce ƙungiyoyi ba su cika ƙwarewa a nan ba. Tura kuɗi ƙasar waje kai tsaye daga asusu yana da tsada a kusan ko'ina, wasu ƙananan ma ba sa yi sam. Mafi yawan mutanenmu suna amfani ne da kamfanonin aika kuɗi da ke sauke wa iyali a waya, don haka abin da kake buƙata daga ƙungiya shi ne katinta ya yi aiki da waɗannan manhajoji ba tare da ana toshe shi kowane wata ba, kuma iyakar abin da za ka iya kashewa a rana ta ishe ka. Akwai ƙarin dalilin da ya sa asusu ya zama dole yanzu: daga 1 ga Janairu 2026 dokar tarayya ta ɗora harajin kashi 1 cikin ɗari a kan kuɗin da aka aika waje idan da tsabar kuɗi aka biya a kanti, amma wanda aka cire daga asusu ko aka biya da katin Amurka ba ya cikin wannan haraji. Ka tambayi kuma nawa suke ƙarawa idan ka yi amfani da katin a Gana ko a Saudiyya lokacin aikin Hajji, domin wasu kashi 1 ne, wasu har 3, wasu kuma ba sa ƙara komai.

Kuɗin adashi amana ne, kuma ina roƙonka kada ka cakuɗa shi da naka. Ƙungiyoyi da yawa suna barin mamba ya buɗe ƙaramin asusu na biyu a ƙarƙashin lambarsa, sai ka ware shi domin zubi kawai, ka riƙe littafin sunaye da ranar kwasar kowa. Idan tsabar kuɗin da za ka zuba a rana ɗaya ta haura dala 10,000, ma'aikaci zai cike takardar sanar da gwamnati. Wannan ba tuhuma ba ce, kuma ba a cire maka komai. Laifin yana ga wanda ya rarraba kuɗin da gangan, dubu tara yau, dubu huɗu gobe, domin ya kauce wa takardar, kuma dokar tarayya tana hukunta hakan ko da kuɗin na halal ne. Na ga mutanen kirki da aka rufe wa asusu saboda wani ya ba su wannan gurguwar shawara a majalisa.

A wajen lamuni ne ƙungiya ta fi nuna amfaninta, kuma a nan ne tarkonta yake. Ƙungiyoyin tarayya suna da iyakar kuɗin ruwa, wadda take kashi 18 cikin ɗari tun 1987 a kan galibin basussuka har da katin bashi, kuma doka ta hana su cin tarar wanda ya biya bashinsa kafin wa'adi. Bambancin ba na wasa ba ne. Bashin mota na dala 20,000 na wata 60 a kan kashi 7 yana nufin biyan kimanin dala 396 a wata, ƙarin da ke kai gaba ɗaya kusan dala 3,760. Wannan bashin a kan kashi 14, irin wanda dillalin mota kan miƙa wa baƙon da ba shi da dogon tarihin cin bashi da biya, dala 465 ne a wata, ƙarin kuma ya haura dala 7,900. A ƙaramar ƙungiya mutum ne zai zauna ya duba takardun harajinka da yadda kuɗi ke shiga asusunka, maimakon kwamfuta ta yanke hukunci da makin tarihin bashinka kawai. Sai dai ka faɗa musu tun farko cewa motar ta haya ce, domin wasu yarjejeniyoyin bashin mota sun hana amfani da ita wajen kasuwanci.

Tarkon kuwa yana cikin ƙananan rubutun yarjejeniya. Doka ta ba ƙungiya damar ɗiba daga ajiyarka idan ka gaza biyan bashin da take bin ka, kuma da yawansu suna da sharaɗin cewa abin da ka jinginar a kan bashi ɗaya jingina ne a kan duk sauran basussukanka a wurinsu. Ba na mantawa da wani matashi da ya gama biyan bashin motarsa tsaf, ya zo karɓar takardar mallaka yana murmushi, aka ce masa ba za a sake ta ba sai ya biya abin da ya taru a katin bashinsa, wanda ya yi wata uku bai taɓa ba saboda jinyar mahaifiyarsa. Ni ne na juya masa shafin na nuna masa layin da sa hannunsa a ƙasa, kuma har yau abin yana damuna. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na ce kada kuɗin adashi ya zauna a inda ake bin ka bashi, tunda a idon doka asusun da ke da sunanka naka ne, ba za su san cewa na direbobi goma sha biyu ba ne.

Maganar riba ba zan yi maka kwana-kwana a kanta ba. Kiredit yuniyon ba bankin Musulunci ba ce. Bashinta da kuɗin ruwa yake, kuma abin da take ƙara wa mai ajiya, ko da yake sunansa rabon riba ga mambobi, a aikace kaso ne da ake lissafawa a kan kuɗin da ka ajiye, don haka canjin suna bai kawar da tambayar ba. Hukuncin wannan na malamai ne, kuma ya kamata ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa takardun kansu ya duba, ba labari ba. Abin da zan iya gaya maka ta fuskar aiki shi ne kusan kowace ƙungiya tana da asusun hada-hada da ba a ƙara masa komai, kuma kana iya tambaya ko za su dakatar da ƙarin a kan asusun kason mamba, wanda dama ɗan abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba idan dala 5 ko 25 ɗin shiga kawai ka bari. Idan niyyarka ita ce ka guji bashi mai ruwa gaba ɗaya, to rabin fifikon ƙungiya a kan banki bai shafe ka ba, sai ka yi zaɓinka a kan caji da sauƙin isa ga kuɗinka kawai, motar kuma ka haɗa ta da kwasar adashi da ajiya. Don sayen gida akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da UIF da ke aiki da tsarin Musulunci a Amurka.

Akwai abubuwa biyu da mutanenmu ke mantawa saboda ba ma son zancen tafiya da mutuwa. Asusun da aka bari ba motsi yana iya jawo cajin rashin amfani, kuma a jihar New York idan ya kai shekara uku ba a ji ɗuriyar mai shi ba ana miƙa kuɗin ga gwamnatin jiha, sai an bi dogon layi kafin a karɓo. Idan za ka daɗe a gida, ka sanar da su, ka riƙa ɗan motsa asusun. Na biyu, akwai gurbin rubuta sunan wanda za a miƙa wa kuɗin idan ta Allah ta kasance, kuma cike shi yana ceton iyali daga zirga-zirgar kotu. Amma ka sani cewa a dokar ƙasar nan wanda ka rubuta shi ne mai kuɗin, ba ruwan ƙungiya da rabon gado, don haka ka zaɓi mai tsoron Allah, ka kuma bar wasiyya a rubuce da shaidu cewa riƙo ka ba shi domin a raba wa magada yadda shari'a ta tsara.

Da ni ne kai, zan ware safiya ɗaya in shiga rassan ukun da ƙafata, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Zan nemi jadawalin caji da yarjejeniyar mamba, in lura ko an ba ni da sakin fuska ko ana nema a lallaɓa ni in sa hannu tukuna. Zan tambayi yaushe ake babban taron shekara, da yadda ake zaɓen hukumar gudanarwa, waɗanda a ƙungiyoyin tarayya mambobi ne 'yan sa kai, da kuma yadda ake kai ƙara ga kwamitin sa ido. Ma'aikacin da ya san amsar waɗannan yana aiki ne a wurin da har yanzu ake ɗaukar mambobi a matsayin masu gida. Wadda ta tsallake maganar inshora da lafiyar littafi, kuma lissafin wata ukunka ya nuna ta fi araha, ita ce taka, ko da ba ita ce mai ƙyallin gini ba.

Idan ka zaɓa, kada ka rufe tsohon asusunka a ranar. Ka buɗe sabon, ka mayar da biyan da kamfanin tuƙi ke turo maka zuwa can, ka jira ka ga ya sauka sau biyu. Ka sani cewa a kwanaki 30 na farko ana iya riƙe cekin da ka zuba fiye da yadda ka saba, saboda haka kada ka dogara da shi wajen biyan haya a wannan watan. Daga nan ka bi inshorar mota, da kuɗin waya, da wuta, da duk abin da ake cira da kansa, ka sauya su ɗaya bayan ɗaya, kana barin abin da zai ishe su a tsohon asusun har sai wata biyu sun wuce ba a cire komai ba. Sannan ka je bankin da kanka ka rufe, ka karɓi takardar shaidar rufewa ka ajiye ta tare da takardun harajinka.